SABUWAR WAYA MAI SHAN BATIR DA ZAFI: A BINCIKA KAFIN A ZARGI KOWA

Kowace shekara idan bazara ta shigo, kukan masu sabuwar waya yakan yi yawa. A bakin kasuwa, a wurin mai shayi, a gindin dogon yaro bayan la'asar, maganar guda ce. Wannan ya ce ya cika tasa da safe, kafin azahar ta mutu. Wancan ya ce tasa tana zafi cikin aljihu kamar an tsamo ta daga murhu. Daga nan sai zargi ya biyo baya: mai kanti ya yi cuta, ko wanda aka aika ya ci kuɗi.

Wani lokaci zargin gaskiya ne. Akwai jabun kaya a kasuwa, ba mai musun haka. Amma sau da yawa wayar lafiyarta lau. Ɓarawon batir yana nan kusa, mai ita ne bai gan shi ba. Ana iya kama shi ba tare da an kashe ko dala ba. Alƙalami ake bukata, da guntun takarda, da haƙurin kwana uku. Ga yadda abin ya faru da wani magidanci a ƙasar Mayahi.

RAGO GUDA DA BUHUN WAKE BIYU

Magidancin manomi ne, yana da ƴan tumaki da awaki. Shekara da shekaru yana riƙe da ƙaramar waya mai maɓalli. Idan ya cika ta sau ɗaya, sai ta kai shi kwana biyar. Babban ɗansa ya tafi neman kuɗi Agadas, damina biyu bai zo gida ba. Ɗan yakan aiko hoto da saƙon murya ta WhatsApp, amma sai an je gidan maƙwabci a saurara. Maganar gida tana fita waje. Uwar yaron kuma tana son ta ga fuskar ɗanta, ba muryarsa kaɗai ba.

Maigida ya ajiye wakensa tun kaka. Da kuɗin wake ya tashi, ya sayar da buhu biyu, ya haɗa da rago guda. Ya ƙirga jika 50 ya ba ɗan ƙanwarsa, wanda ke kabu-kabu a Maraɗi, don ya sayo masa babbar waya. Cikin watan Afrilu yaron ya kawo ta, sabuwa fil cikin kwalinta, har da rigar roba baƙa da ya saya mata da kuɗinsa.

Murnar ba ta cika mako ba. Garinsu babu wutar lantarki. Wani saurayi ne ke da farantin sola kusa da masallaci, yana yin caji dala ashirin. Sabuwar waya sai an kai ta sau biyu a yini. Maigida ya zauna ya yi lissafi: dala arba'in kowace rana, jika 6 ke nan a wata. Kafin kaka, kuɗin caji ya ci wata tunkiya. Ga shi kuma idan ya ɗora ta a kunne, sai ya ji zafi har cikin kumatu.

Masu zuga ba su yi wuyar samu ba. Wani ya ce tsohuwa ce aka goge aka sa a kwali. Wani ya ce irinta ba ta wuce jika 30, yaron ya soke sauran. Maigida bai ce kome ba, amma ya daina amsa gaisuwar yaron da fara'a. Magana ta kai kunnen ƙanwarsa. Ita da take shigowa kullum da safe, sai aka yi mako biyu ba a ga ƙafarta ba. Wayar da aka sayo don ta haɗa zumunci, ga ta tana shirin raba ƴan ciki ɗaya.

A WURIN MAI GYARA

Ran kasuwar Mayahi ya ɗauki wayar da kwalinta ya tafi wurin mai gyara. Ba gyara ya je nema ba. Shaida ya je nema, don ya samu abin da zai faɗa wa ƙanwarsa.

Mai gyaran yaro ne, bai kai ɗansa ba. Ya gaishe shi, ya ba shi benci. Da farko ya cire rigar roba, ya kwantar da wayar a kan tebur, ya duba ko bayanta ya kumbura. Tana kwance daidai, ba ta rawa. Sai ya danna *#06# kamar mai kiran wani. Wata lamba mai tsawo ta fito, ƙwaya 15. Ana kiranta IMEI. Kowace waya tana da tata, mai layi biyu kuma tana da biyu. Irin wannan lamba tana rubuce a jikin kwali. Suka gwada tare, ƙwaya bayan ƙwaya. Daidai suke.

Mai gyara ya ce: «Baba, kwalin nan nata ne. Ban ga alamar an taɓa buɗe ta ba. Kuɗin da aka faɗa muku kuma, haka ake sayar da ita.»

Maigida ya ce: «To, yaro, mi ya hana ta kwana da wuta? Sa mata wani batir mana.»

«Baba, in na karɓi kuɗinku na sa batir, na cuce ku. Wanda ke ciki ya fi wanda zan sa. Kuna karanta lamba?»

Maigida ya yi shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci na garinsu. Ya ce yana karantawa, yana kuma rubutawa. Mai gyara ya nuna masa wata ƙaramar lamba a saman fuskar waya, kusa da hoton batir. 100 tana nufin a cike take, 50 rabi ke nan. Ya ce ya rubuta lambar kafin ya kwanta, ya sake rubuta ta da asuba, dare uku a jere. Ya koya masa abin da zai yi kowane dare. Bai karɓi ko dala ba.

BATIR TULU NE

Kafin a je ga gwajin, a san wannan. Batir kamar tulu yake. A jikin kwalin wayoyi da yawa na yanzu an rubuta 5000 mAh. Wannan shi ne girman tulun. Ƙaramar waya mai maɓalli tulunta ƙarami ne, wajen 1000, amma ɗan tsako ne ke sha. Babbar waya tulunta babba ne, amma raƙumi ne ke sha. Fuskarta tana da faɗi, tana haske, tana nuna hoto mai motsi, tana shiga intanet. Duka wannan wuta ce.

Saboda haka babbar wayar da ake aiki da ita ba za ta yi kwana biyar kamar ƙarama ba. Yini da kwana, ko yini biyu idan an yi tattali, shi ne lafiyarta. Wanda ya san haka ya rage rabin ɓacin ransa.

Kuma sabuwar waya tana da aikin kanta a kwanakin farko. Tana sauko da gyare-gyare daga kamfani ta intanet, tana jera hotuna da lambobin mutane, kamar amarya mai jeren ɗaki. A ƴan kwanakin nan takan sha wuta, takan yi ɗumi. Bayan kwana uku zuwa mako guda sai ta natsu. Kada a yanke mata hukunci a ranar farko.

Amma mako uku sun wuce, wayar magidancin ba ta natsu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abu biyu ne: ko tulun yana yoyo, ko masu sha sun yi yawa. Gwajin dare ne ke raba su.

DARE UKU DA ALƘALAMI

Daren farko bai taɓa kome ba. Ya bar ta yadda take. Da zai kwanta ya rubuta 90. Da asuba ya rubuta 62. Ba wanda ya kira, ba wanda ya taɓa ta, amma 28 sun tafi.

Dare na biyu ya jawo fuskar waya daga sama da yatsa, ya taɓa hoton jirgin sama. Wannan hoton yana rufe duk hanyoyin waya. Ba kira, ba intanet, ba neman rezo. Ya rubuta 91. Da asuba ya duba sau biyu, don bai yarda da idonsa ba. 89 ne. Biyu kaɗai suka tafi.

Nan ya gane tulun ba ya yoyo. Da batir ɗin ne ya lalace, da ya zube ko an rufe hanyoyi. Ɓarawon yana wajen rezo.

Ga yadda abin yake. Mutum biyu da ke zaune a tabarma guda, raɗa ta ishe su. Idan ɗaya yana can ƙarshen gona, sai an ɗaga murya. Idan ba ya amsawa, sai a yi ta kira har maƙogwaro ya bushe. Haka waya take da dogon ƙarfen rezo. Idan yana kusa, magana kaɗan ta isa. Idan yana nesa, sai ta ƙara ƙarfi, ta sha wuta, jikinta ya yi zafi. Ƴan sandunan da ke saman fuskar waya su ne ke nuna nisan. Huɗu ko biyar, rezo yana da kyau. Ɗaya ko babu, wayar tana ta ihu ke nan, ko da tana cikin aljihu.

Garin magidancin cikin kwari yake, ƙarfen rezo yana bayan tudu. Wayarsa kuma layi biyu gare ta. Layinsa na dā yana kama sanda biyu. Na biyun, wanda yaron ya sa masa a Maraɗi, ba ya kama kome a garin. Dare da rana yana nema bai samu ba. Ban da wannan, intanet a buɗe take tun ranar da aka kawo wayar. An sa shi cikin rukunin WhatsApp har huɗu, na ƴan gari, na ƴan ci-rani, na wa'azi, na masu sayen dabbobi. Kowane hoto da bidiyo da aka turo, wayar tana jan shi da kanta. Abin da za ta sauke cikin minti guda a Maraɗi, a nan sai ta kwana tana ja. Mega yana ƙarewa, batir yana ƙarewa.

Dare na uku ya cire layin da ba ya kamawa, ya rufe intanet, ya bar layinsa na dā a buɗe don kira ya shigo. Ya rubuta 90. Da asuba 84 ne. Daga 28 an dawo 6.

Wannan magana ta fi shafar makiyaya. Wanda ya hau arewa da damina, wajen Bermo ko Abalak ko Ingal, yakan yi kwanaki a inda babu rezo. Waya a buɗe a irin wannan wuri asara ce. Gara a taɓa hoton jirgi, ko a kashe ta gaba ɗaya, sai an hau tudu ko an kusa gari a kunna. Akwai kuma wurin da 4G ke zuwa yana tafiya. Wayar tana ta tsalle tsakanin 4G da 3G, kuma tsallen yana cin wuta. Mai gyara yana iya tsayar da ita a 3G ko 2G, don kira da saƙon murya ba su bukatar fiye da haka.

ƁARAWO NA BIYU ƊAN GIDA NE

An gama da dare, saura rana. A ran kasuwa mai zuwa ya koma da takardarsa. Mai gyara ya karanta ya yi murmushi. Sai ya taɓa hoton nan mai kama da haƙoran injin niƙa, wanda ake shiga a daidaita waya, ya gangara zuwa inda aka sa hoton batir. A can wayar da kanta ta jera sunayen masu shan wuta, daga babba zuwa ƙarami. Abubuwan da ake aiki da su cikin waya, irin su WhatsApp da Facebook da TikTok, ana kiransu manhaja. Kowace manhaja da rabonta a rubuce.

A saman jerin akwai wata manhajar bidiyo. Maigida ya rantse bai taɓa buɗe ta ba. Gaskiyarsa ne. Autansa ne, ɗan shekara 12. Idan uban ya kwanta bayan azahar, sai ya zare ta daga aljihun riga ya kira abokansa bayan rumbu. Kallon bidiyo yana cikin abin da ya fi kome shan batir, don fuska da intanet da sauti duk suna aiki tare.

Na biyu a jerin ita ce fuskar waya kanta. An ɗaga haskenta har ƙarshe, kuma idan aka gama aiki sai ta yi minti biyar kafin ta mutu. Mai gyara ya ja alamar rana ya mai da haske ƙasa da rabi. Ya sa fuskar ta riƙa mutuwa bayan rabin minti. Ya ce a cikin rana tsaka ba a ganin rubutu sai an ƙure haske, don haka a shiga inuwa kafin a karanta saƙo.

Daga nan ya kashe ƙananan masu sha. Akwai alamar da ke nuna inda mutum yake a taswira. Akwai Bluetooth, wanda ake tura waƙa da shi. Akwai hanyar raba intanet da wasu wayoyi. Duka ukun a kunne suke, ba mai amfani da su. Ya shiga WhatsApp ya hana shi sauke bidiyo da kansa, sai wanda aka taɓa. Ya cire manhaja uku da ke cewa suna sanyaya waya ko suna wanke ta. Irin waɗannan talla suke kawowa, su ma wuta suke sha. Ya kuma nuna masa alamar tattalin batir, wadda ake kunnawa idan za a yi nisa da wurin caji.

ZAFI MAƘIYIN BATIR NE

Saura maganar zafi. Ko Tecno ce, ko Itel, ko Samsung, ko iPhone, batir ɗin da ke ciki iri guda ne, na wani ƙarfe mai suna litiyom. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da irinsa a 1991. Ba shi da nauyi, yana riƙe wuta da yawa. Amma ba ya son zafi.

Manyan kamfanoni irin su Apple da Samsung suna cewa a yi aiki da waya inda zafin wuri bai wuce digiri 35 ba. A duba da kyau. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. A watan Afrilu da Mayu, a Maraɗi da Tawa da Damagaram da Yamai, zafin inuwa sau da yawa yana wuce 40. Ke nan tun ba a taɓa ta ba, wayar ta riga ta shiga wahala. Abin da aka bari cikin rana kuwa, zafinsa ya fi haka nesa ba kusa ba.

Magidancin yana sassabe a lokacin. Yakan rataye rigarsa a kan kututture, wayar tana cikin aljihu, rana tana dukanta tun hantsi. Wani lokaci ya ɗora ta a kan amalanke. Baƙar rigar roba tana jan zafi, tana kuma hana shi fita. A wurin mai caji ma, wayoyi goma ne a kan juna cikin akwatin ƙarfe, kusa da farantin sola. Caji da kansa yana kawo ɗumi. An haɗa ɗumin caji, da zafin rana, da zafin maƙwabta.

Idan waya ta yi zafi sosai, tana kare kanta. Tana rage haske, tana yin nauyi, wani lokaci ta ƙi karɓar caji. Wannan ba lalacewa ba ce, da ta huce sai ta dawo daidai. Ɓarnar da ba ta gyaruwa a cikin batir take. Zafi yana tsufar da shi da wuri, kamar tulun da ke ƙanƙancewa. Abin da ya ragu ba ya dawowa.

Maganin ba ya da tsada. A ajiye waya a inuwa. A gona, a sa ta cikin jaka a gindin itace. Kada a bar ta kan sirdin moto, ko gaban mota, ko ƙarƙashin kwano. Lokacin caji a cire rigar roba. Kada a yi kallo ko doguwar hira tana jikin caji. Kada a sa ta ƙarƙashin matashi. Idan ta yi zafi, a kashe ta, a ajiye ta a busasshen wuri cikin ɗakin ƙasa har ta huce. Kada a jiƙa ta, kada a ɗora ta kan jiƙaƙƙen bakin randa, kada a sa ta cikin firjin mai ƙanƙara. Damshi yana shiga ciki ya ci ƙarfe.

YADDA AKE CAJI

Maigida ya fara kai wayar da cajarta ta cikin kwali. Ya roƙi mai caji ya shimfiɗa wayoyi ɗaya-ɗaya a inuwa, ya yarda. Caja mai araha da igiyar da ta kwaile suna kawo zafi, suna kuma iya ƙona waya. Cajar waya ta yau da kullum bolt 5 take bayarwa. Batir ɗin moto da na mota bolt 12 ne. Wanda ya haɗa waya da shi kai tsaye da guntun waya, ya kashe ta. Sai da ƴar caja ta musamman wadda ke rage ƙarfin wuta.

Wasu suna cewa sabuwar waya sai ta yi awa takwas a caji, kuma kada a sa ta sai ta mutu ƙurmus. Wannan dokar tsofaffin batura ce. Na litiyom ba ya son a shanye shi ƙaf. Idan lamba ta kai 20, a nemi caji. Idan ta kai 80 ko 90, an iya cirewa. Idan za a yi tafiya, a cika ta 100, ba laifi.

Batir yana da kwanansa. Iri da yawa, bayan an cika an shanye kamar sau 500, ba su riƙe fiye da wajen kashi 80 cikin 100 na abin da suke riƙewa da farko. Mai cikawa sau ɗaya a rana zai yi shekara da wata huɗu kafin ya kai wannan adadi. Mai cikawa sau biyu zai kai shi kafin wata tara. Tattalin wuta yau, tsawon ran waya ne gobe.

Da aka yi duk wannan, wayar magidancin ta koma caji sau ɗaya a kwana biyu. Ƙaramar wayarsa ta dā ya ba ta layin da ya cire, ita ke zuwa kasuwa. Shi da ɗansa suka sa lokaci: Litinin da Juma'a bayan isha'i. Sai a hau tudu, a buɗe intanet, uwa ta ga ɗanta, a rufe.

Ya sayi goro ya tafi gidan ƙanwarsa da kansa. Yaron yana nan. Ya shimfiɗa musu takardar nan mai lambobi, ya faɗi abin da ya zata da abin da ya gani. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: «Kawu, ai da kun tambaye ni. Takardar mai kanti tana wurina.» Maigida ya ce: «Zato zunubi ne, ɗana. Ka yi mini aikin kirki.» Washegari da safe ƙanwar ta shigo da ƙwaryar fura.

IDAN LAIFIN NA WAYAR NE

Ba kowa ne labarinsa zai ƙare haka ba. Akwai wayar da ta fito da ciwonta daga kamfani. Wannan yana faruwa har ga manya. A watan Agusta na 2016, kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da wata waya mai tsada, Galaxy Note 7. Wasu suka fara kama wuta. A watan Satumba kamfanin ya ce a maido da wajen miliyan biyu da rabi. A watan Oktoba ya daina ƙera ta. Jiragen sama suka hana shiga da ita. A watan Janairu na 2017 kamfanin ya bayyana cewa laifin na batir ne. Ke nan wanda ya sayar da waya mai ciwo ba lalle ne ya san da ciwon ba.

Ga alamun da ba a wasa da su. Na farko, an taɓa hoton jirgi, an kwana, amma lamba ta faɗi da 20 ko 30. Na biyu, wayar tana zafi alhali tana inuwa, ba a aiki da ita, ba ta caji. Na uku, lamba tana tsalle, daga 60 sai 15, ko wayar ta mutu da sauran wuta. Na huɗu, bayanta ya kumbura, ko gilashinta ya ɗaga. Na biyar, tana wani wari, ko tana zafin da hannu ba ya iya riƙewa.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin ukun farko, ya mai da ita wurin da aka saya ba da jinkiri ba. Ya tafi da kwali, da caja, da takardar shaidar saye, da takardar lambobin da ya rubuta. Kamfanoni da yawa suna ba da garanti na wata 12. Amma idan aka riga aka buɗe wayar a wani wuri, sukan ƙi karɓa. Don haka a fara da mai kanti kafin mai sukudireba. Tun ranar saye kuma a nemi takarda mai kwanan wata, a gwada lambar IMEI a gaban mai sayarwa.

Wanda ya ga kumburi ko ya ji wari, ya kashe ta nan take. Kada ya sake sa ta caji. Kada ya danne kumburin, kada ya huda shi da allura ko wuƙa. Batir ɗin litiyom idan aka huda shi yana kama wuta. A fitar da ita daga ɗaki, a ajiye ta a kan ƙasa, nesa da zana da rumbu da tarin ciyawa. Da bazara tartsatsi guda ya isa ya cinye unguwa. Idan ta fara hayaƙi, a ja da baya, a janye yara, kada a shaƙa, a zuba mata rairayi daga nesa. Mataccen batir ba a jefa shi cikin murhu, ba a zuba shi a jujin takin da za a kai gona, ba a ba yara su yi wasa da shi. A kai wa mai gyara.

Kuɗin babbar waya kuɗin rago ne da hatsi. Ba abin da za a yi wa gaggawa ba ne. Wanda sabuwar wayarsa ke shan batir, ya ba ta mako guda ta natsu. Ya yi gwajin dare uku, ya rubuta. Ya duba sandunan rezo, da hasken fuska, da jerin masu sha, da inda take yini, da inda take caji. Wanda bai iya karanta lamba ba tukuna, ya kira ɗa ko maƙwabci su duba tare. In wayar ce mai laifi, ga shaida a hannu, mai kanti ba shi da ta cewa. In ba ita ba ce, an tsira da kuɗi, an tsira da zumunci.

Allah ya kawo damina mai albarka.